Jan Mai a Giyar Malam Sidi

Ku matso, ku da ba ku gajiya da gardama, yau na kawo muku wadda za ta hana ku cin abinci cikin natsuwa.

A wani gari kusa da Funtuwa an yi wani tsohon bakanike, Malam Sidi. Allah bai ba shi haihuwa ba, sai matarsa Dije da mutum uku da suka koyi aiki a hannunsa har suka zama magidanta: Tasi'u, Jazuli da Mudi. Da tsufa ya zo, ya zo masa da ciwon ƙoda. Sau biyu a mako ake kai shi Zariya wankin jini, a kwance a bayan wata ƙaramar mota 'yar Kwatano. Giyar motar irin wadda kanikawa ke kira sibiti ce, ba ta da haƙora, bel ne na ƙarfe ke yawo a cikinta, kuma ba ta shan kowane mai sai nata.

Wata Laraba da hantsi Malam ya ji dama-dama, ya ce shi ma zai taɓa ƙarfe. Ya sa Dije ta riƙe masa mazurari, ya juye jan mai a giyar, irin wanda ya shekara arba'in yana zuba wa motoci masu canza giya da kansu. Dije ta daɗe ba ta ga fara'a irin ta ranar a fuskarsa ba, sai ta ƙyale shi ya ci gaba.

Ranar Asabar suka kama hanya, Tasi'u na tuƙi. Ƙafafun Malam sun kumbura, numfashi yana yi masa wuya, an kuma ce in ya wuce azahar wani za a ɗora a kan injin wankin jinin. Direbobin tasha suna yajin aiki, hanya fayau. Ba su yi nisa ba mota ta fara wani siririn kuka, tana fizga, ta ƙi wuce gudun keke. Dije ta rungume kan mijinta a cinya, tsoro ya cika ta.

Tasi'u mutum ne mai kunne. Masu wucewa a kan babur suka tsaya, wannan ya ce fulogi ne, wancan ya ce famfon mai. Bai kula su ba. Ya ɗora bakin sukundireba a jikin giya, ya kara kunnensa a ƙotar, ya rufe ido. Can ya ce wa Dije, "Inna, injin lafiyarsa ƙalau. A giya ciwon yake, bel ne ke zamewa." Da ba don shi ba, da a kan injin za su ɓata ranar.

Ya kira sauran biyun, suka zo a kan babura. Jazuli, wanda Malam ya sha yi wa tsiya da cewa talabijin yake gyara mota da ita, ya jona na'urarsa mai binciken ciwon mota. Tasi'u har ya fara kwance noti don a sauke giyar, aikin kwana uku. Jazuli ya riƙe masa hannu. Ya ce na'ura ta nuna bel bai tsinke ba, zafi ne ya yi yawa, ƙarfin mai ya faɗi, motar ce ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Abin da ya jawo haka kuwa, na'urar ba ta faɗa ba.

Mudi bai cika magana ba. Ya kwanta a ƙarƙashin mota, ya ɗigo man a kan farar takarda, ya ga ja, alhali man wannan giya ba ja ba ne. Ya ɗaga kai ya dubi Dije, ita kuma ta sunkuyar da nata. Malam ya buɗe ido da ƙyar ya ce, "Me ka gani, Mudi?"

"Man ne ya tsufa, Baba."

Mudi ya miƙe. Ya hau babur ya tafi Funtuwa, ya dawo da man da ya dace da sabuwar filtar mai, ya tsiyaye jan, ya wanke, ya zuba. Mota ta tashi lami lafiya. Sun isa ana kiran azahar, aka ɗora Malam a kan injin.

Wata biyar Malam Sidi ya ƙara a duniya, kuma har ya koma ga Allah bai san hannunsa ne ya kusa kashe shi ba. Ranar da zai cika, ya danƙa wa Dije makullin gareji, ya ce, "Wasiyyata ce. Ki ba wanda ya gano ciwon motar nan."

Yanzu Dije ta fita takaba. Gareji a rufe, tsatsa ta fara cin ƙofar, makulli kuma yana ƙulle a bakin zanenta. Kullum sai ta kwance shi ta duba, ta yi kuka, ta mayar. Tasi'u ne ya gano inda ciwon yake. Jazuli ya gano irin ciwon, ya hana a yi ɓarna. Mudi ya gano sanadin, amma in ta ba shi, dole ta faɗi abin da ya gani a takardar nan, ta tona asirin da ya rufa wa mamaci, ta kuma faɗi wadda ta riƙe mazurari. Su ukun suna zuwa gaishe ta duk Juma'a, babu wanda ya taɓa tambayarta.

To, ku da kuka ji, a hannun wa Dije za ta sa makullin nan?