Gambar da Ta Cinye Gona

Ku matso kusa. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Iya.

A garin zomaye akwai wata tsohuwar Bushiya, ita ce ungozomarsu. Duk jaririn da ta yanke wa cibiya, sai ta jefa tsakuwa ɗaya a tulu. Ba ta da kowa sai su. Babu abin da take tsoro kamar ranar da za ta tuƙa tuwo ta rasa wanda za ta miƙa wa.

Gonar garin ɗaya ce tun kaka da kakanni. Al'adarsu kuwa, duk wanda ya yi aure a yanka masa kasonsa, a dasa layin gamba a kan iyaka. Gizo ne mai rabon, shi ne kuma mai saƙa zana da gambar. Kun ga ke nan, kura aka ba ajiyar nama.

Da tulu ya kai rabi, Bushiya ta ce a sari sabon daji tun da sauran ƙarfi, a daina tsaga gona. Gizo ya ce bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Ya raba, ya dasa gamba.

Da tulu ya kai wuya, ta sake faɗa. Gizo ya ce tsufa ke damunta. Ya raba, ya dasa gamba.

Da ya cika har yana zuba, ta mirgino shi gaban jama'a da ƙyar.

"Gizo, dubi bakunan nan. Ina hatsinsu?"

"Haba Inna, tsakuwa na cin tuwo ne?"

Aka bushe da dariya, har da waɗanda ta goya. Wannan ya fi komai yi mata ciwo.

Shekarar nan gonar kowa kunya uku ce, gamba ta fi gero yawa. Kafin bazara rumbuna sun ƙare. Zomaye suka fara ɗaure kaya gida-gida, duk wanda ya zo sallama, Bushiya ta ciro tsakuwarsa ta ajiye a ƙofar ɗaki. Gizo ma ya naɗe zanarsa ya bi su, tunda can ma za a yi aure.

Ita kaɗai ta ɗauki fartanya, ta tumɓuke gambar layi-layi har gona ta koma ɗaya. Damina ta yi albarka, rumbu ya cika maƙil. Ta tuƙa tuwo tukunya guda, ta fito ƙofa tana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, yadda suka zo duniya. Babu wanda ya amsa. Ta zauna a tsakiyar tsakuwoyin, ta ci loma biyu, sauran ya huce a tukunya.

To jikokina, haihuwa arziki ce, amma tun ran gini ran zane. Wanda ya ga baki na ƙaruwa, ya shirya masa gona tun yana goye.

Ƙungurus kan kusu. Ƙaryar ta Gizo ce, gaskiyar ku riƙe.