Gonar Goggo Ishatu da Mutum Uku da Suka Cece Ta

Ku gyara zama, ku kasa kunne. Labarin yau ba na dariya ba ne, kuma in na kai ƙarshensa, ku ne alƙalai.

A can tsakiyar teku akwai wani tsibiri, a tsakiyar tsibirin kuma akwai kurmi mai duhu, inda rana ba ta taɓa ƙasa sai ta take. Cikin kurmin nan, a gindin wani tsauni, akwai ƙauye mai gida ashirin da ɗoriya. Daga nan zuwa bakin teku tafiyar kwana biyu ce a ƙafa, hanyar kuwa ɗaya ce tak. Mutanen suna noma shinkafar tudu da rogo da ayaba, suna tsinkar kanumfari.

A ƙauyen akwai wata tsohuwa, Goggo Ishatu, ungozoma. Kusan duk wanda ke tafiya da ƙafa biyu a garin, ita ta yanke masa cibi. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta guda zazzaɓi ya ɗauke shi, ba ta da magaji.

Wata damina aka yi kwana tara ana ruwa babu ƙaƙƙautawa. Ran na goma da hantsi, tana tsugune tana hura wuta, sai ta ji wata ƙara kamar ƙasa ta tsage. Kafin ta miƙe, tsaunin ya zazzago wa ƙauyen. Da ta farfaɗo, duhu ne ko'ina, laka har ƙirjinta, gungumen rufin ɗaki ya danne mata ƙafa. Ta yi kira, muryar ba ta fita. Hannunta ya laluba ya sami ludayi da murfin tukunya, ta shiga ƙwanƙwasawa, tana salati, tana jiran mutuwa.

Na farko cikin waɗanda suka cece ta shi ne Atumani, mai ɗibar zuma, wanda kunnensa ke jin kukan ƙudan zuma daga nesa. Yana daji abin ya faru. Ya sheƙo a guje, ya tarar gidansa ya zama tudun laka, matarsa da 'ya'yansa biyu suna ciki. Yana tono da hannu, yana kiran sunayensu, shiru. Sai ya jiyo ƙwanƙwasa daga wajen gidan Goggo. Ya tsaya, ya sake kasa kunne a kan tudun gidansa, babu motsi. Ya ce a ransa, "Can akwai mai rai, nan ban sani ba." Ya bar nasa, ya bi sautin taki ɗaya-ɗaya har ya gano daidai inda take, ya tona mata ƙofar iska. Ba don shi ba, babu wanda zai san tana raye. Bayan kwana uku da aka tone gidansa, aka tarar duk sun rasu, matarsa kuwa ta haƙa rami kamu biyu daga ciki, faratanta duk sun kakkarye. Tun daga ranar Atumani bai ƙara kallon idon kowa ba.

Na biyu shi ne Humadi, masassaƙi, wanda ya yi ƙyauren kowane ɗaki a garin. Da aka leƙa ramin aka ga gungumen, kowa ya ja baya, domin laka na ci gaba da gangarowa. Humadi ya tuɓe riga ya shiga. Goggo ta ce masa, "Ɗan nan, fita. Kana da iyali." Ya ce, "Goggo, ki dai riƙe igiyar." Ya sa kafaɗa ya ɗaga, aka janye ta. Tana fita gungumen ya zame, ya murƙushe masa hannun dama. Hannun ya kumbura ya yi baƙi, dole aka yanke shi daga gwiwa. Gizagonsa yana nan rataye, tsatsa na cinsa.

Ta uku ita ce Zalihatu, wadda mijinta ya mutu ya bar ta da 'ya'ya uku. Ɗakinta na gefen gari, bai rushe ba. An fito da Goggo ƙafa a karye, jiki kamar garwashi, kowa kuma na fama da gawar 'yan uwansa. Zalihatu ce ta goya ta zuwa ɗakinta. Hanyar bakin teku ta toshe wata biyu cur, rumbuna suna ƙarƙashin ƙasa, mutane na cin ganye da saiwa. Cikin tsohuwa bai karɓi ganye ba, abin da ta ci duk sai ya dawo. Zalihatu ta ɗauko tulun da ta ɓoye shinkafar iri, tana ɗibar tafi ɗaya kullum tana dama mata kunu, 'ya'yanta suna kallo suna haɗiyar yawu. Goggo ba ta san daga ina kunun ke fitowa ba sai ranar da ta ga tulun a kife. A makon nan ne autar Zalihatu, wadda ƙafafunta suka kumbura saboda yunwa, ta cika.

Da hanya ta buɗe, ba a sami abin da za a zauna dominsa ba. Mutum talatin da ɗaya aka binne. Gonaki sun koma filin duwatsu. Gida-gida aka riƙa ɗaure kaya ana gangarawa bakin teku, inda namiji zai yi dako, mace ta yi wankau, su kwana a rumfar wani. Gona ɗaya ce tsaunin ya ƙyale, ta Goggo Ishatu, a bayan rafi: itacen kanumfari bakwai, 'yar ayaba, da ƙaramin idon ruwa. Gida ɗaya za ta iya ciyarwa, shi ma da ƙyar. In aka raba ta uku, duka ukun yunwa za ta kashe.

Ƙafar Goggo kuwa ba ta warke ba. Ta san kwanakinta sun ƙare. Ta sa aka kira su ukun, suka zauna gabanta. Ta dube su ta fashe da kuka, ta ce, "Me kuka tono? Tsohuwar da saura mata kwana kaɗan? Da kun bar ni, da kai kana da iyali, kai kana da hannu, ke kina da 'yarki."

Ta share hawaye. Ta ce, "To, ɗayanku zai gaji gonar, biyu su bi hanya. Wa ke so?" Atumani ya sunkuyar da kai. Humadi ya ja riga ya rufe dungun hannunsa. Zalihatu ta ce, "Goggo, ba don gona muka yi ba. Ke za ki faɗa."

Limamin garin, wanda shi ma ya riga ya ɗaure kayansa, yana tsaye a bakin ƙofa yana jira ya shaida. Numfashin tsohuwa ya fara sarƙewa, ta buɗe baki.

Nan zan tsaya. Wanda ya bar nasa a ƙarƙashin ƙasa ya gano ta, da wanda ya ba da hannunsa ya fito da ita, da wadda ta ciyar da ita da irin shukarta har ta rasa 'yarta: a cikin ukun nan, sunan wa ya kamata Goggo Ishatu ta ambata?