Liman Mala da Ciwon da Awo Bai Gani Ba

Akwai wani dattijo a Jakara, cikin birnin Kano, ana ce masa Malam Mala. Kakanninsa daga Barno suka zo. Sana'arsa wankin hula, kuma shekara ashirin da ɗaya yana jan salla a masallacin lungunsu. Na'ibinsa wani baduku ne mai suna Ashafa, mutum marar yawan magana.

A shekarar da sojoji suka miƙa wa farar hula mulki, wato 1999, fitsari ya soma damun Malam Mala. Zai zagaya ya dawo, kafin ya gama goge hula ɗaya sai ya ji kamar bai yi ba. In ya tsuguna, ɗan ɗigo ne kawai, sai raɗaɗi ya biyo baya.

Ya sha kafso daga kemis. Ya sha jiƙo iri-iri. Ya je asibiti a ɓoye aka auna fitsarin, aka ce ba a ga komai ba. Wannan amsa ita ta fi ciwon tayar masa da hankali.

Matarsa Bintu ta ce, "Malam, ka je ka ga babban likita mana."

Ya ce, "In kwance wando a gaban sa'an ɗana? Bar ni, Bintu."

Babban tsoronsa salla. Ya rage shan ruwa. Ya koma karanta gajerun surori. Da ya yi kabbara, rabin hankalinsa yana kan karatu, rabi yana kan mararsa.

Wata Laraba, a raka'a ta uku ta La'asar, abin da yake gudu ya faru. Ya ji ɗumi a cinyarsa. Sai ya toshe hanci kamar mai haɓo, ya jawo Ashafa gaba, ya ratsa sahu ya fita.

Da aka sallame, mutane suka yi ta tambaya. Ashafa ya ce, "Ai kun ga ya riƙe hanci. Ku yi masa addu'a kawai."

Mutum ɗaya Malam Mala ya faɗa wa gaskiya, wato Gambo mai goro, abokin hirarsa. Gambo ya gyaɗa kai ya ce, "Malam, ciwon da asibiti ba su gani ba, ai ka san sunansa. Ga shi sabon kansila ya ce zai sake gina masallacin nan da bulo. In ka kauce, wa zai shiga gaba?"

Maganar ta zauna wa Malam Mala a zuciya. Ya shiga tuno duk ranar da Ashafa ya miƙo masa ruwa, da duk ranar da ya gyara masa buzu.

Bayan kwana uku ya tare shi a ƙofar masallaci, jama'a na saka takalma. Ya ce, "Ashafa, in limanci kake so, ka zo ka karɓa ido na ganin ido. Amma ka kwance abin da ka ɗaura mini."

Jama'a suka juyo suna kallonsu. Ashafa ya ce, "Allah ya ba ka lafiya, Malam." Ya ɗauki takalmansa.

Daga ranar wasu suka daina ba Ashafa hannu. Masu kawo masa aikin fata suka ja baya. Bai bar masallacin ba, sai dai ya koma sahun ƙarshe.

Sati biyu bayan haka, wata Asabar da hantsi, fitsarin ya tsaya cak. Ko ɗigo babu. Marar Malam Mala ta yi tauri kamar ƙwarya, gumi ya jiƙe masa riga, ya kasa zama ya kasa tsayuwa. 'Ya'yansa maza duk ba sa gari.

Bintu ta yafa mayafi ta fita. Ta fara samun Gambo, ya ce a jira ya nemo mai karya sammu. Ba ta tsaya ba, ta wuce rumfar Ashafa.

"Malam Ashafa, na san abin da aka yi maka, amma..."

Bai bari ta ƙarasa ba. Ya ajiye fatar da ke hannunsa ya bi ta. Mota ba ta shiga lungun, don haka goya dattijon ya yi har bakin titi, ya tare tasi.

A cikin mota Malam Mala ya juya fuska yana nishi. Ashafa ya ce, "Malam, haka mahaifina ya yi. Shekara biyu yana ɓoyewa. Ranar da ya toshe, muka tsaya ba shi jiƙo har abin ya fi ƙarfinmu. Na daɗe da lura da zirga-zirgarka da buta. Nauyinka ya hana ni magana, kuma a nan na yi kuskure."

A asibiti aka saka masa roba, fitsarin ya fita. Likita ya duba shi sosai, ya ce, "Baba, ba jifa ba ne. Akwai wani nama a ƙasan mafitsarar kowane namiji. In shekaru sun ja, yakan kumbura ya matse hanya. Awon fitsari kaɗai ba ya nuna shi. Da kun ƙara jinkiri, da ƙoda ta taɓu."

Malam Mala ya rufe fuska da hannun riga. Ba zafin ciwo ne ya sa shi kuka ba.

Aka yi masa aiki, ya yi sati shida yana jinya. Ranar da ya koma masallaci, bayan an idar da Magariba, ya miƙe da sandarsa. Ya faɗi ciwonsa da sunansa, bai rage komai ba. Sannan ya ce, "A nan na zargi bawan Allah nan, a nan zan nemi gafararsa. Ashafa, ka yafe mini. Daga yau kai za ka riƙa ja mana salla. Wanda ya goya ni bayan na ci mutuncinsa ya fi ni cancanta."

Ashafa ya ce, "Na yafe tun a ranar, Malam. Amma limanci..."

"Na riga na faɗa."

A hanyar gida, dattawa uku suka tare Malam Mala, kowa shi kaɗai, kowa yana waige-waige. Na ƙarshensu, Alhaji Nata'ala, ya matso ya rage murya.

"Malam, likitan nan naka, wace rana yake zama?"

Darasi: Ciwo ba abin kunya ba ne, ɓoye shi ne yake kai mutum ga halaka. In awo ɗaya bai nuna komai ba, ka koma wurin likita, kada ka ɗora wa ɗan'uwanka zargi. Mai haƙuri kuwa, Allah ne yake wanke shi. Ku tura wa iyayenku da yayyenku wannan labari, wataƙila akwai mai shan wannan wahala a gidanku bai faɗa ba.