Shahida da Kwamfutar da Ta Sa a Firij

A garin Illela akwai wata matashiya mai suna Shahida, wadda sana'arta ɗaukar bidiyon biki a ɓangaren mata, inda maza ba sa shiga. Tana da gwaninta, har daga Ƙonni ake tsallako iyaka a neme ta. Aibinta ɗaya ne: ba ta karɓar gyara daga bakin kowa.

A bazarar bana ta ɗauki bikin Na'ima, 'yar Fulanin ƙauyen Lafani. A wajen bikin kakar amarya, Adda, ta riƙe hannun jikarta ta yi mata doguwar addu'a da Fillanci, har mata suka yi ta share hawaye. Shahida ta kwashe komai ta zuba a kwamfutarta ta cinya, ta goge katin kyamara don wani biki.

Kullum a kan katifa take aiki. Kwamfutar ta fara zafi kamar dutsen guga, fankarta na gurnani, tana mutuwa da kanta a tsakiyar aiki. Yayarta Iklima ta matsa mata, da ƙyar ta kai ta wurin Malam Sahabi mai gyara a bakin kasuwa.

Ya leƙa ramukan iskar, ya ce, "Ƙura ta toshe ta. Bar min ita kwana biyu in buɗe in share, in sake mata man sanyaya. Kuma ki daina aza ta bisa katifa, ki sa ta bisa tebur inda iska ka shiga. Aikin da ke ciki, ki kwafe shi wani wuri tun yau."

"Kwana biyu? Mi za ni ce ma mutane?" in ji Shahida. "Shekara huɗu nike da wagga na'ura, na fi ka sanin halinta."

Ta fizge abarta ta fita.

Bayan mako guda Allah ya yi wa Adda rasuwa. Na'ima ta bugo waya tana kuka, ta ce babu abin da take so a duniya sai ta sake jin muryar kakarta. Shahida ta yi alkawarin kai mata washegari.

Da azahar ta zauna haɗa bidiyon, rana na dukan kwanon ɗaki. Kwamfutar ta mutu sau uku. A na huɗu ta ɗauke ta da zafinta ta nufi firij ɗin da Iklima ke daskarar da zoɓon sayarwa.

"Ke, haukacewa kika yi?" in ji Iklima. "Ruwa za ya shige ta!"

"Zafi ad damuwarta, ga sanyi. Ba wanda za ya koya min aikina."

Ta tura ta tsakanin ledojin zoɓo, ta rufe. Bayan rabin awa ta ciro ta tana naso, ta jona caja, ta danna. Wata 'yar ƙara ta fito, sai warin ƙonewa. Fuskar kwamfutar ba ta ƙara haske ba.

Malam Sahabi ya buɗe ta a gabanta, ya nuna mata ɗigon ruwa da baƙin tabo. Ya ce ma'ajiyar bayanai ta wannan samfurin a manne take da babban allon cikin kwamfutar, wanda ya ƙone, babu abin da zai fito.

Shahida ta hau babur ta tafi Lafani da kanta. Ta durƙusa gaban Na'ima ta faɗi gaskiya. Na'ima ba ta zage ta ba. Sai dai ta ce, "Ko kalma ɗaya ba ta saura ba?"

Shahida ta girgiza kai.

Darasi: Idan kwamfuta ta fara zafi, kashe ta, ka bar ta ta huce a inuwa, ka ɗora ta inda iska ke ratsawa, ka kai a share ƙurar. Abin da mutane suka ba ka amana kuma, kada ka ajiye shi wuri ɗaya. Wanda ya ƙi jin masani saboda girman kai, sau da yawa ba shi kaɗai ke yin asarar ba.