Malam Barau da Kofin Makoki

An yi wani mutum, wani bawan Allah, ana ce masa Malam Barau, tun zamanin da sai a jirgin ruwa ake zuwa Turai. Neman abinci ya kai shi wani garin Turawa a bakin teku. Aikinsa gyaran kifi, yana kuma haya a gidan wani tsoho mai suna Gustaf.

Jama'a, mutumin nan ya san shi baƙo ne. Inda ake bin layi, ya bi layi. In an ce ƙarfe bakwai, bakwai saura yana wurin. Dokar garin ta hana yanka dabba a gida, to ragon layyarsa mayanka yake kai shi. Ran Lahadi mutanen garin ba sa son hayaniya, shi kuwa ko ƙusa ba ya bugawa. Shekara tara yana haka, sallarsa ba ta wuce shi, kuma ba wanda ya taɓa kai ƙararsa.

Ana nan sai tsohon ya mutu. Malam Barau ya tambayi yadda suke makoki, aka ce baƙaƙen kaya ake sawa. Ya nemo baƙar riga ya sa. A hanya ya gamu da wani ɗan garinsu, Maikano.

Maikano ya ce, "Haba Malam! Har ka koma sa kayan makokinsu? Me ya rage maka?"

Ya ce, "Maikano, ba ibadarsu zan je yi ba. Maƙwabcina ne ya mutu, gaisuwa zan je. In ta baƙar riga ce, ban san inda aka hana ni sa ta ba."

To ku saurara, ga inda jarrabawar take. Al'adarsu, in an dawo daga binne mamaci, sai a zuba giya, kowa ya ɗaga kofi ya sha don girmama shi. Ɗan tsohon, Henrik, wanda ya gaji gidan, ya miƙo wa Malam Barau kofi.

Malam Barau ya ce, "Ranka ya daɗe, a zuba min ruwa. Zan tashi tsaye, in ɗaga tare da ku."

Henrik ya ce, "Ubana ba da ruwa ake girmama shi ba. A ƙasarmu kake, ka yi yadda muke yi."

Ya ce, "Shekara tara ina yin yadda kuke yi, da zuciya ɗaya. Ƙasa taku ce, doka taku ce, na bi. Amma wannan kofin, Wanda ya hana ni shi, Shi ya halicce ni da ku. Ba zan sha ba."

"Ko da za ka bar gidan nan?"

"Ko da zan bar gidan nan."

Ku lura, jama'a, bai zage su ba, bai ture kofi ba, bai tsaya yi musu wa'azi a kan makokinsu ba. Ya yi musu ta'aziyya, ya fita.

Kwana uku Henrik ya ba shi ya bar gidan, ga sanyi kamar ya tsaga ƙashi. Ya wanke ɗakin fes, ya gyara tagar da ta lalace, ya kai mabuɗi. Yana ɗauke da akwatinsa a bakin titi, bai san inda zai nufa ba, sai ƙanwar mamacin, wata tsohuwa mai dogara sanda, ta tare shi.

Ta ce, "Ina wurin ranar, na kuma ji kunya. Yayana da ya kwanta ciwo, kai ka riƙa ɗaga shi kana kwantarwa, ba ɗansa ba. Akwai ɗaki a gidana. Nuna min inda alƙiblarka take, in kawar da kujeru."

Allahu akbar!

To 'yan'uwa, ga darasin. Baƙo yana girmama masu gida, amma ba ya sayar da addininsa don a ba shi wurin kwana. Yau 'ya'yanmu na can ƙasashen mutane, wasu karatu, wasu aiki. Wani ya taka dokar gari ya ce wai kishin addini. Ƙarya ne, rashin tarbiyya ne! Wani kuma ya ɓoye sallarsa don kada a ce masa baƙauye. Wannan tsoro ne, ba wayewa ba! Ku gaya musu su sunkuyar da kai inda ladabi ya ce a sunkuyar, su tsaya ƙyam inda Allah ya ce a tsaya. Mu ma nan, baƙon da ya zo ya mutunta al'adarmu, kada mu tilasta masa abin da zuciyarsa ta ƙi. Allah Ya ba mu ladabi, Ya ba mu ƙarfin hali.