Geron da Ba a Sa wa Iyaka Ba

Musa ɗan unguwar Lazaret ne a Yamai. Gwani ne a kwamfuta, amma ba ya son a ce masa gyara. Shekara uku ya yi yana ƙirƙiro harshen ba kwamfuta umarni da kalmomin Hausa, ya sa masa suna Tsani. Harshen ya yi kyau, sai dai babu mai amfani da shi sai mai shi.

A lokacin akwai wata duniya a intanet, inda mutum ke shiga da ɗan mutum-mutuminsa ya gina gida, ya rubuta umarni ƙofa ta buɗe ko fitila ta kama. 'Yan Nijar mazauna waje sun gina ƙauye a can, har da rumbuna da rijiya, suna haɗuwa don rage kewar gida. Musa ya ga hanyar tallata harshensa. Ya riƙa yi musu kayan aiki da Tsani kyauta, har mutum arba'in suka fara koyo.

Daminar 2009 ta ƙi, gero ya yi wuya. Sai masu ƙauyen suka roƙe shi ya yi musu gona, ko idonsu ya ga ɗanyen ganye. Ya rubuta umarni cewa kowane kara ya haifi biyu bayan minti goma.

Zeinabu, abokiyar karatunsa da ke duba masa aiki, ta ce, "Musa, ba ka sa masa iyaka ba. Ina zai tsaya?"

Ya yi dariya. "A shekarar yunwa za ki ce in sa wa gero iyaka? Ina nan zaune, in ya isa na tsai da shi da hannuna."

"Layi guda ne fa. Ƙara shi mu gwada tukun."

"Ni na haifi harshen nan. Ƙwai ba ya koya wa kaza."

Wata Alhamis da hantsi ya shuka geronsa a siber ɗin wani mai suna Maman, shagon intanet inda yake hayar kwamfuta. Wajen azahar sai ga ƙarar bindiga: sojoji sun karɓi mulki. Maman ya kashe injuna, ya kori kowa. Musa ya yi ta roƙon minti biyu.

"Ana ta rai, kana zancen geron ƙarya?" in ji Maman. Ya sa kwaɗo.

Ba a buɗe ba sai Asabar. A can intanet kuwa geron bai daina haihuwa ba, ya cinye gona, ya cinye ƙauye, ya ƙetara filayen wasu har komai ya tsaya cik. Masu duniyar suka share ƙauyen ƙarƙaf, suka hana duk abin da aka rubuta da Tsani. Mutum arba'in ɗin suka watse. Saƙo ɗaya kawai ya tarar, daga Buba, wani dattijo a Faransa: "Ɗakin marigayiya mahaifiyata na gina a can, kamar yadda nake tuna shi. Shi ma ya tafi."

Musa ya ƙara layin nan, bai ɗauke shi minti guda ba. Amma babu sauran wanda zai nuna wa. Da ya bi ta kasuwar Katako ya ga mata na layi a kan tiyar gero, baƙin ciki ya hana shi ɗaga kai.

Mai karatu, duk abin da ka tayar, ka yi masa wurin tsayawa tun kana kusa, don ba ka da tabbacin kana nan gobe. Kuma in na kusa ya nuna maka ɓaraka, ka ɗinke ta. Girman kai yakan rusa aikin mai shi, ya haɗa da amanar waɗanda suka yarda da shi.