Makullin da Ya Shiga Bayan Jana'iza

Yaya, tun da ka tafi ban saka komai a shafin nan ba. Yau zan ba masu karatu labari. Kai ma ka saurara.

Akwai wani mai rubuta manhaja da ake kira Dogo. Aikin ofishinsu ba a ofis yake kwana ba, yana can a saba, wata kwamfuta mai nisa da ke ajiye kowane gyara da sunan wanda ya yi shi. Kowa da makullinsa na sirri a cikin kwamfutarsa, da shi saba ke gane mutum ta buɗe masa.

Wata rana Manaja, shugaban sashensu, ya tsaya a kansa. "Turo min makullinka, nawa ya ƙi."

"Kawo in haɗa maka sabo. Nawa ba ya barin kwamfutata."

"Ji shi, sai ka ce mai gadin banki! Don ka iya danne-danne?"

Da ciwo ya kwantar da Dogo, sai ga Manaja a asibiti da ledar ayaba. "Kana kwance kana hutawa, mu muna shan zagi. Ba ni kalmar sirrin kwamfutarka." Zazzaɓi ya riga ya cinye Dogo. Ya faɗi kalmar sirrin da ƙyar, Manaja ya buɗe kwamfutar, ya kwafe makullin ya fice. Bai sake leƙowa ba.

Dogo ya rasu.

Manaja ya ci gaba da shiga saba da makullin mamaci, har ranar da ya tura tsohon aiki da ƙarfi ya danne sabo. Wahalar watanni ta tafi. Da mai kamfanin ta tambaya, ya nuna mata allo. "Ga sunan nan. Dogo ne. Dama da ƙullinmu ya mutu."

Bai tsaya nan ba. Ya je gidan makoki, a gaban masu ta'aziyya, ya ce wa mahaifiyar Dogo, "Ɗanki ya cuce mu kafin ya tafi." Tsohuwar ta ja mayafi ta rufe fuska.

Mai kamfanin ba ta da yawan magana. Ta sa aka buɗe tarihin shiga saba. Makullin na Dogo ne, amma bayan jana'iza ya shiga, kuma daga kwamfutar Manaja.

"Daga kabari ya tura aikin," in ji ta, "ko a ƙarƙashin teburinka aka binne shi? Kwashe kayanka."

Ita da kanta ta soke makullin. Saba ba za ta sake buɗe wa Dogo ba.

Darasi: Makullinka sunanka ne, kada ka ba kowa, kada kuma ka matsa wa marar lafiya ya ba ka nasa. Wanda ya jingina laifinsa da mamaci, Allah ba ya barinsa. Ku tura wa abokan aikinku.

Yaya Dogo, an wanke sunanka. Inna har yanzu ba ta ɗaga fuska ba. A gida ban gaya wa kowa ba tukuna.